KAJIN GIDAN GONA: IN AN CIRE MAGANIN, ME ZA A SA?



Da yawa daga cikinmu a nan muna taɓa kiwon buroila. Wani hamsin a bayan ɗaki, wata ɗari a kangon gidansu, a zuba ana saura sati shida ko bakwai Sallah, a fitar a samu na ɗinki da na cefane. Waɗanda ba sa kiwon kuma suna ci, a gidan biki, a wurin mai gashi, ko a tukunyar gida. Don haka maganar yau ba ta bar kowa ba.

Duk wanda ya taɓa ɗauko katan ɗin 'yan tsaki ya san yadda abin yake. Kafin ka bar shagon, an haɗo ka da ƙunshin wani gari mai ruwan ɗorawa, an ce ka zuba musu a ruwa kwana biyar na farko saboda gajiyar hanya, tunda yawancinsu daga wajen Ibadan ake ɗauko su. Sati na biyu a sake ba ka wani. In sun fara girma a ce ga na ƙarin nauyi. Muna kiran su duka "bitamin". Amma mu juya bayan ledar mu karanta. Sau da yawa za mu tarar bitamin ɗin rakiya ya yi, ainihin abin da ke ciki antibayotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, dangin wanda ake rubuta wa ɗan Adam a asibiti. Akwai ƙunshin da za ka ga an jera magani uku ko huɗu a cikinsa. Kajin kuwa lafiyarsu lau, ko tari babu wadda ta yi.

Ra'ayinmu shi ne wannan ɗabi'a ya kamata ta tsaya. Sai dai faɗin haka ba shi da wuya. Mai kaji ɗari da ya ranto kuɗin abinci zai tambaye mu, in na cire me zan sa? Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsar da ake yawan ba shi a dandalin sada zumunta ba ta gamsar da mu ba.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1940, wasu masu bincike biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suna neman hanya mai araha ta samar wa kaji bitamin B12. Sai suka ba 'yan tsaki tsakin da ya rage bayan an tace wani magani dangin tetarasaikilin. Tsakin suka yi girman da bitamin kaɗai ba zai ba su ba. Da aka bincika, ragowar maganin ne ya yi aikin. A 1950 labarin ya bazu, a 1951 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sa shi a abincin dabbobi. Daga nan duniya ta ɗauka.

To me maganin yake yi wa kazar? Ba abinci ba ne, ba ya zama tsoka. Abin da yake yi shi ne rage ƙwayoyin da ke cikin hanji, waɗanda ke raba abinci da kaza kuma suke sa mata ɗan kumburin da ido ba ya gani. Akwai wani gwaji da ya fayyace komai: tsakin da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, in an ba su maganin, ba sa ƙara girma a kan 'yan uwansu. Gwargwadon ƙazantar ɗaki, gwargwadon amfanin da za ka gani. Mu riƙe wannan, don a kansa duk sauran maganar ta ginu. Maganin ƙarin girma rufin asiri ne ga ɗaki mai datti.

Girman buroila kuwa da muke mamaki, har wasu ke rantsuwa allurar girma ake yi musu, yawancinsa daga iri ne. A Jami'ar Alberta ta Kanada an raini irin kazar 1957 da irin ta 2005 a kan abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 2005 ta kai giram 4,202. Shekaru hamsin na zaɓen iri ne suka kawo haka. Kazar da ke ɗakinka an riga an ƙera ta don ta yi girma, abin da take nema a wurinka kada ka tare mata hanya.

Illar kuma fa? Ƙwayar bakteriya halitta ce mai rai. In ka ba ta magani kaɗan-kaɗan kullum, wanda bai kai ya gama da ita ba, masu rauni za su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ba su tsayawa a cikin kazar. Suna hannun mai shara, suna ruwan wurin figa a kasuwa, suna kan wuƙa da faifan yanka a kicin. Suna cikin kashin kajin da masu lambu ke saye buhu-buhu su zuba wa latas da kabeji da tumatir, abubuwan da muke ci ɗanye. Dafuwa tana kashe ƙwayar da ke cikin naman, amma ba ta bi hannun da ya wanke shi ba, kuma ba ta gama da duk ragowar maganin da ke jikin kazar da aka yanka tana tsakiyar shan sa.

Tun 1969 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Farfesa Michael Swann ya yi gargaɗi a kan haka. A shekarun 1990 aka ga misali ƙarara a Turai: wani maganin ƙarin girma mai suna abofasin ya haifar da ƙwayoyin da ba sa jin bankomaisin, ɗaya daga cikin magungunan da asibiti ke ajiyewa don ranar da saura suka gaza. Denmak ta hana shi a 1995, Tarayyar Turai ta bi a 1997. A 2015 kuma aka gano a ƙasar Sin wani gadon taurin kai da ƙwayoyi ke miƙa wa junansu, wanda ke sa su ƙi jin kolistin, shi ma maganin ƙarshe ne. An same shi a aladu, a nama, da jikin marasa lafiya. Wannan kolistin ɗin yana cikin wasu ƙunshin da muke zuba wa tsaki 'yan kwana ɗaya.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan. Gaskiya ne ba kaza ce ta jawo wannan duka ba, kaso mai yawa daga yadda mu kanmu muke shan kafso ne kamar gyaɗa, mu sha biyu mu ji sauƙi mu ajiye. Amma wanda gidansa ke ci da wuta ba ya cewa ai fetur ɗin da nake zubawa kofi ɗaya ne.

Yanzu ga inda muka saɓa da abin da ke yawo a wayoyinmu. Kusan kullum sai ka ga an turo rubutu: "Kiwon kaji ba tare da maganin bature ba." A markaɗa tafarnuwa da citta da kurkur, a tafasa ganyen darbejiya, a zuba garin zogale, a ƙara habbatussauda, shi ke nan an rabu da cuta. Masu turowa niyyarsu kyakkyawa ce, kuma maganar tana da daɗin ji, don ta haɗa araha da alfahari da kayan gida. Ba mu ce babu komai a cikin waɗannan tsirrai ba. Tafarnuwa tana da sinadarin da ke kashe ƙwayoyi a ɗakin gwaji. Zogale yana da furotin da bitamin. Kamfanonin abincin dabbobi ma suna sayar da man wasu ganyaye masu ƙamshi don wannan aiki. Matsalar ita ce ma'auni. Ƙarfin tafarnuwar da ka saya yau daban da na wadda za ka saya wani sati, kuma sinadarin nata ba ya daɗewa bayan an daka. Zogale in ya yi yawa a abinci, harzarsa tana rage girman buroila. Darbejiya ɗaci gare ta, kazar da ta ji ɗaci a ruwa za ta rage sha, kazar da ta rage shan ruwa a zafin watan Afrilu kuwa ka san ƙarshenta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗannan tsirrai sakamakonsu ya sha bamban, wani ya ga ƙari, wani bai ga komai ba.

Abin da ya fi damun mu ma ba wannan ba ne. Rubutun yana barin mai kiwo da tunaninsa na da, cewa lafiyar kaza tana cikin abin da ake zubawa a ruwa. Ya ajiye leda ya ɗauki turmi, ɗakin yana nan da warinsa. In Gumboro ta shigo, tafarnuwa ba ta san ta ba. Antibayotik ɗin ma bai san ta ba, domin ita da cutar Nukasil ƙwayar bairos ce ke kawo su, rigakafi ne kaɗai ke tare su. An gudu ba a tsira ba.

Mu duba waɗanda suka riga mu cirewa. Suwidin ce ta fara hana maganin ƙarin girma baki ɗaya a 1986. Shekarun farko babbar damuwarsu ita ce cutar ruɓewar hanji a buroila, wadda maganin ke dannewa a da ba tare da an lura ba. Ba su fita ba sai da suka sake haɗin abinci, suka gyara tsabta da iskar ɗaki. Masu buroila a Denmak sun daina a 1998. Mace-mace ba su ƙaru yadda aka ji tsoro ba, abincin da kaza ke ci kafin ta yi kilo ɗaya ya ɗan ƙaru, kuɗin maganin da aka daina saye ya kusan rufe gurbin. Tarayyar Turai gaba ɗaya ta hana daga 1 ga Janairun 2006, Amurka ta cire magungunan da ke da muhimmanci ga ɗan Adam daga aikin ƙarin girma a 2017, Sin ta hana a abincin dabbobi a 2020. Har yau suna cin kaza. Wani abu da masu yaɗa labarin "babu magani ko kaɗan" ba sa faɗa shi ne, Turai ba ta hana maganin koksi ba, wato cutar kashin jini, kuma ba ta hana a yi wa kaza marar lafiya magani ba. Abin da ta hana shi ne ɗura wa lafiyayya.

Saboda haka in an tambaye mu me za a sa, za mu fara da abubuwan da ba a sayarwa a leda. Shimfiɗar ɗaki, dusar katako ce ko ɓuntun shinkafa, ta zama busasshiya. Ka damƙi tafi ɗaya ka matse, in ta dunƙule ta yi laima, kuma a laima koksi ke hayayyafa, koksi kuma shi ke buɗe wa ruɓewar hanji ƙofa. In ka shiga ɗakin idonka ya yi yaji, ka tuna kai minti biyar za ka yi ka fita, su a nan suke kwana, kuma hancinsu ya fi naka kusa da ƙasa. Cunkoso shi ma cuta ne. A irin zafinmu, manyan buroila kimanin goma sun ishi murabba'in mita ɗaya, amma nawa ne cikinmu ke cusa ɗari a wurin sittin don kada katan ya ragu? Satin farko tsaki na son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 33, kuma ko babu ma'auni su da kansu za su gaya maka: in sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun guji wutar suna haki zafi ya yi yawa. Mazubin ruwa a wanke kullum, ruwan kuma ya zama wanda kai ma za ka iya sha. In an fitar da zubi ɗaya, a kwashe shimfiɗar, a wanke, a bar ɗakin ya huta kamar sati biyu. Wannan hutun ne ya fi yi mana wuya, don muna ganin ɗaki a wofi kamar kuɗi ne ke zuba. Ga kuma mai sarin kaji da ya zagaya gidaje biyar tun safe, muna barinsa ya shiga har tsakiyar ɗaki da takalminsa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Sai rigakafi a kan lokaci. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin na Nukasil da na Gumboro, ban da waɗanda ake shigowa da su. Amma rigakafi abu ne mai rai, sanyi yake so. Wanda ya kwana a firjin da ba wuta, ko aka ɗauko a aljihu da tsakar rana, ko aka kaɗa a ruwan famfo mai kulorin, ruwa kawai ka ba su. Sau da yawa in aka ce rigakafi bai yi aiki ba, a hanya ya mutu.

Abinci kuma akwai maganar da ba a cika yi ba, ta fumfuna. Masara da tunkuzar gyaɗa da aka ajiye da laima suna fitar da wata guba mai suna afulatoksin. A 1960 ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila, daga tunkuzar da aka shigo da ita daga Barazil, a nan ma aka fara gano ta. Tana lalata hanta, tana hana girma, tana karya garkuwar jiki. Mai haɗa abinci da kansa da ya sayi masara mai araha don ta ɗan yi baƙi, zai ga kajinsa sun tsumbure, ya ruga shagon magani. Babu antibayotik ɗin da ke warware wannan.

Bayan an tsayar da waɗannan ne abubuwan da ake ƙarawa a abinci ko ruwa ke yin tasiri. Wanda ya fi burge mu shi ne firobayotik, wato ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake ba kaza don su cika hanjinta kafin miyagu su samu wurin zama. Dabarar tana da tarihi mai kyau. A 1973 wani masani a Finlan, Esko Nurmi, da abokin aikinsa suka nuna cewa tsakon da aka ba abin da ke cikin hanjin babbar kaza lafiyayya yana tsira daga kamuwa da salmonela. Ku dubi kazar gida da 'ya'yanta, suna bin ta suna tsattsagar inda ta taka, a nan suke gadon ƙwayoyinta. Tsakon inji bai taɓa ganin uwarsa ba, hanjinsa fili ne, wanda ya riga zuwa shi ke kafa bukka. Mu kuma ranar farko sai mu tare shi da maganin da ke share na kirki da na banza tare. Kada dai wani ya karanta wannan ya je ya ɗebo kashin kaza ya ba tsaki, cuta zai ɗebo musu. Na sayarwa an tace shi, an san abin da ke ciki. Shi ma mai rai ne, zafi da kulorin suna kashe shi, kuma haɗa shi da antibayotik a mazubi ɗaya asarar kuɗi ce. Nau'in Basilus ya fi jure zafi, shi ya sa ake iya sa shi a abincin da aka murza.

Akwai kuma asid mai sauƙi da ake ɗigawa a ruwan sha, dangin na binega, wanda ke sa ruwan da maƙoƙon kaza su yi tsamin da miyagun ƙwayoyi ba sa so. Yana cin mazubin ƙarfe, kuma ba a ba da shi ranar rigakafi. Akwai sinadaran taimakon narkewa, kamar faitez da ke saki fosforas ɗin da ke ɗaure a masara da waken soya, da wasu da ke taimakawa in dusar alkama ta yi yawa a haɗi. Abincin da ya narke da kyau ba ya barin saura a ƙarshen hanji, inda ƙwayar ruɓewar hanji ke jira. Akwai abin da ake cirowa daga ɓawon yis wanda wasu miyagun ƙwayoyi ke maƙalewa a jikinsa su fita da kashi. Tafarnuwa da zogalenmu za su iya zama a wannan layi, da ma'auni, a matsayin ƙari. Babu ɗaya a cikinsu da ke yin duk abin da antibayotik ke yi shi kaɗai, kuma duk mai tallan da ya ce nasa yana yi, kayansa yake son sayarwa.

Mun san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: Denmak suna da wuta, suna da likitan dabbobi a kowane lungu, suna da sanyi. Mu a nan buhun abinci kullum tashi yake, likita sai ka yi tafiya, kuma in kaji ashirin suka mutu a cikin ɗari riba ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi. Duk gaskiya ne. Mai ƙaramin jari yana zuba maganin ne saboda tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Shi ya sa ba ma goyon bayan a ce wa kowa ya daina gobe da safe ɗakinsa yana yadda yake. Wanda ya yi haka zai kwashe gawa, ya koma ya ninka maganin, ya kuma gaya wa maƙwabta an yaudare shi. A gyara ɗaki tukuna. A zubi na gaba a cire na "ƙarin nauyi", wanda shi ne ya fi rashin hujja. Wanda ke da wuri ya raba kajinsa biyu, ya rubuta abincin da kowane ɓangare ya ci, da waɗanda suka mutu, da nauyinsu a sati na shida. Mu da muke cika littattafai da labaran soyayya, shafi ɗaya na lissafin kaji ba zai gagare mu ba. In kuma cuta ta shigo da gaske, a kira likitan dabbobi, a ba da maganin da ya dace cikakke, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin ledar kafin a yanka ko a sayar.

Wannan jiran shi ne inda aka fi cin amana. Al'adar da muka sani ita ce, da zarar kaji sun fara mutuwa sai a loda musu magani a kira mai saye da daddare, washegari suna kan wuta a bakin titi. Mai kiwo ya tsira da jarinsa, wanda ya ci bai san me ya ci ba. Nijeriya tana da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyi ga magani tun 2017, NAFDAC ma tana da sashen da ke kula da magungunan dabbobi. Muna ganin wuri mafi sauƙi da za su fara shi ne ledar nan ta 'yan tsaki: a raba bitamin da antibayotik, kowanne da ledarsa, a rubuta a gaba da manyan baƙaƙe, har da Hausa, cewa wannan magani ne kuma ga kwanakin jira. Kolistin kuwa bai kamata yaron shago ya miƙa wa kowa shi ba tare da takardar likita ba.

Masu kiwo a cikinmu, in kun koma gida ku ɗauko ledar da kuke amfani da ita, ku rubuto mana a ƙasa sunayen da ke bayanta, mu duba tare.